Hannun Gwaggo Mai Keke

Na yi shekaru ina wankin ciwo a asibiti kafin in ajiye aiki, na ga ƙuna kala-kala, ta ruwan zafi, ta mai, ta gobara. Amma ban taɓa ganin ciwon da ya gajiyar da ni kamar na hannun maƙwabciyata ba, wadda duk layinmu ke kira Gwaggo Mai Keke. Ni ina durƙushe ina wanke mata hannu, mutanen gidansu suna tsaye a kaina kowa na wanke kansa.

Gidan na ƙanenta ne, mai sayar da siminti. Tun rasuwar mijinta take zaune a ɗakin da ke kusa da ƙofar shiga, da keken ɗinkinta a gindin taga. Da keken take ci, da shi take sutura, ba ta taɓa tambayar kowa sabulu ba. A bakin ɗakin nata, cikin siririn lungun da ake bi a shiga tsakar gida, matar ƙanen, Maman Biyu, ta ajiye wata tsohuwar firiza tana sayar da ƙanƙara. Firizar tana jan mutum. Kowa a gidan ya sani. Yara ma sun mayar da abin wasa, su dangwala yatsa a murfin su yi tsalle suna ƙyalƙyala dariya. Ƙasan wurin kuwa ba ya bushewa, kullum ruwan ƙanƙara na kwance.

Ranar da abin ya faru Maman Biyu za ta kasuwa, ta leƙa ɗakin ta ce, “Yaya, in mai shagon lemo ya zo ki taimaka ki ba shi ƙanƙararsa.” Ta fice.

Ihun mai shagon lemon ne ya fito da ni daga gida. Na tarar da Gwaggo kwance cikin ruwa, idonta a buɗe, ba ta magana. Ya ce hannunta ne ya manne a mariƙin firizar, jikinta na karkarwa, ko ihu ta kasa, sai da ya fizge wayar daga bango ta faɗi. Na buɗe tafin hannun damanta. Tsakiyar ta yi fari fat, gefen ya yi baƙi. Na san ƙunar lantarki: abin da ido ke gani a sama kaɗan ne, ɓarnar tana can ciki.

A asibiti ƙanen ya same mu, da ƙurar siminti a rigarsa. Ya tsaya a gefen gado ya dubi bandejin, ya girgiza kai.

“Sannu, Yaya. Ƙaddara ce. Abin da zai sami mutum ba ya wuce shi.”

Ta ce, “Haka ne.”

Sai da ya fita ta juyo da kai wajena. “Nas,” haka take kirana, “bakina ya gaji da faɗa masa a gyara abin nan. Yara nake ji wa tsoro. Ashe ni ce.”

Da aka sallame ta na ɗauki wankin ciwon a kaina, tunda katanga ɗaya ce ta raba mu. Kullum da safe in shiga da auduga da ruwan gishiri. Ranar farko na tsaya turus a lungun. Firizar na nan tana gurnani. An naɗa tsumma a mariƙin, an shimfiɗa wani guntun katako a gabanta, an ajiye silifas na roba a kai. Gyaran ke nan.

Maman Biyu ta biyo ni ɗakin da goyo a bayanta, ta jingina da ƙofa tana kallon ina warware bandeji.

“Ni wallahi abin ya tsaya min a rai,” ta ce. “Amma Yaya, ke ma da kin sa takalmi. Ni kullum ina buɗe ta, ba abin da take min. Mutum ya taka ruwa ƙafa ba takalmi ya kama ƙarfe?”

Gwaggo ta ce, “Keke nake takawa lokacin da ya zo. Ba na taka keke da takalmi.”

“To ai kin gani. Kuma kin san tana ja. Ba wanda ya ɓoye miki. Da kin ce ba za ki iya ba, ai sai ya jira in dawo.”

Na ɗago kai na dube ta. Ta gyara goyonta ta ce jaririn na neman nono, ta fita.

Ƙanen kuwa da yamma yake leƙowa, ba ya zama. Ranar da na tare shi a ƙofa na ce a kira mai gyara kafin a yi ta biyu, sai ya ce, “Haba Nas, ai na kira. Mai gyaran nan na bakin titi ya duba ta tun tuni, ya ce lafiyarta ƙalau. In da laifi nasa ne. Ni me na sani a harkar wuta? Siminti nake sayarwa.”

Na taka har bakin titin. Mai gyaran yana zaune cikin tulin fankoki da dutsen guga, yana kwance wata rediyo. Na faɗa masa abin da aka ce ya ce. Ya ajiye sukundireba.

“Ni? Ce musu na yi wayar ciki ta ci, tana taɓa jikin ƙarfen, a kawo min ita shago in sake. Matar ta ce in aka kashe ta kwana ɗaya ƙanƙara za ta narke, masu saye su koma wani wuri. Shi kuma ya ce sai bayan zafi ya wuce.” Ya ɗauki sukundirebansa. “Amma don Allah, Hajjaju, kar ki sa ni a ciki. Duk aikin wutar shagonsa ni nake yi.”

Hannun bai yi kyau ba. Ina buɗe bandeji wata safiya wari ya buge ni, na ga ƙaramin yatsa da na kusa da shi sun fara duhu. Muka koma asibiti. Likita ya duba, ya kira ni gefe, ko da yake na riga na sani. Aka cire biyun. Ukun da suka rage suka lanƙwashe ciki kamar mai damƙe da wani abu, ba sa miƙewa, ba sa jin zafi, ba sa jin sanyi.

Aka ce ta riƙa zuwa asibiti gashin hannu don jijiyoyin su saki. Ƙanen ya kai ta da motarsa farko-farko, daga baya ya ce kasuwa ba ta barin sa, daga baya kuma ya ce wani abokinsa ya gaya masa gashin nan ɓata lokaci ne, hannu da kansa yake dawowa. Ni nake kai ta in na samu hali, in ban samu ba ta zauna.

Masu ɗinki suka fara zuwa. Kowace ta shigo da “sannu Gwaggo, ya jiki,” ta zauna bakin gado ta yi jimami, can sai ta yi ƙasa da murya: “Dama yadin nan nawa ne, ko zan karɓa in kai wani wuri, kin san an sa rana.” Gwaggo ta nuna mata da haɓa inda yake. Tulin yadukan da ke kan akwati ya yi ta raguwa har murfin akwatin ya fito fili.

Wata rana na shiga na same ta a kan keke. Ta ɗauko wani ƙyalle tana son yankawa. Ta cusa babban yatsa a almakashi, ya zame. Ta mayar da shi hannun hagu, almakashin ya yi ta tauna ƙyallen ba ya yanka. Ta gwada zura zare, ta kama allurar da baki, zaren na hannun hagu yana rawa. Gumi ya jiƙa mata wuya. Da ta gan ni sai ta yi dariya.

“Ƙafafun nan ba su da labari, Nas. Suna nan suna jiran a ce su taka.”

Ta ja mayafi ta rufe keken. Ban sake ganin sa a buɗe ba.

Macen da ke dafa nata a ɗan murhunta a bakin ɗaki, yanzu sai ta jira a aiko mata daga ciki. Wani lokaci a aiko da wuri, wani lokaci sai rana ta karkata, a ce an manta, an ɗauka ta ci. Ba ta taɓa aikawa ta tambaya ba. Ta rame, zanenta ya fara yi mata yawa. Wanka sai na zo, don ba ta iya cuɗa bayanta, kuma ta ƙi yarda matar ƙanenta ta gan ta a tuɓe.

Abin da ya fi ci min rai shi ne ranar da na ji Maman Biyu daga tsakar gida tana cewa, “Yaya, tunda yanzu kina zaune ba abin da kike yi, ki riƙa sallamar masu ƙanƙara mana. Ga silifas nan a wurin, ki dai riƙa sawa.”

Kuma ta tashi. Na gan ta da idona ta sa silifas ɗin, ta hau katakon, ta ɗaga murfin da hannun hagu, fuskarta a kawar da gefe kamar mai jiran mari.

Na ce, “Gwaggo, me ya sa?”

Ta ce, “Abincinsu nake ci.”

Cikin masu karɓar yadi akwai wata lauya, matashiya, da ta daɗe tana kawo mata ɗinki. Ita ba ta yi gaggawar tafiya ba. Ta ga hannun, ta tambayi yadda aka yi, ta fita ta dubi firizar, ta dawo ta zauna a kan akwati.

“Gwaggo, kin san wannan a shari’a sakaci ake ce masa? Wanda ya ajiye abu mai haɗari a hanyar mutane, aka gaya masa, ya ƙi gyarawa, in abin ya ji wa wani rauni, shi ke da alhaki.”

“Sun ce ƙaddara ce.”

“A kotu ma haka za su ce, hatsari ne da ba mai iya hanawa. Amma abin da aka nuna wa mutum da yatsa aka ce gyara, ba ya cikin wannan.”

“Sun ce na san tana ja.”

“Wannan ma za su faɗa, su ce kin san haɗarin kuma kin yarda da shi. Amma sanin abu daban, yarda daban. Aiken ki aka yi, a gidan da kike zaune ƙarƙashinsu. Ba ki ce kin ɗauke musu alhaki ba.”

“Takalmin fa?”

Lauyar ta ce, “Ba zan yi miki ƙarya ba, wannan zai iya kama ki kaɗan. Alƙali na iya cewa ke ma da naki sakacin, sai ya rage abin da za a ba ki. Ragewa zai yi, ba sokewa ba. Batun mai gyara kuwa, in ya faɗi gaskiya, su zai kayar.”

Na ce, “Ba zai faɗa ba.”

Gwaggo ta tambaya, “To in an yi duk wannan, me ake ba mutum?”

“Diyya. Ta magani, ta sana’ar da kika rasa, da ta wahalar da kika sha. Ana kuma iya neman kotu ta tilasta su gyara abin ko su kawar da shi. Sai dai akwai wa’adi, ba a barin magana ta tsufa.”

Gwaggo ta daɗe tana kallon hannunta a cinya. “Ƙanen nan nawa, ni na goya shi,” ta ce. “Da wannan hannun na yi masa wanka. In na kai shi gaban alƙali da safe, da yamma ina zan kwana? Shari’ar tana ba da ɗaki?”

“Ba ta bayarwa, Gwaggo. Kuma tana ɗaukar lokaci.”

“To ki ɗauki yadinki, ’yata. Na gode da kika zauna.”

Gwaggo ba ta kai ƙara ba, ba ta ma yi niyya ba. Amma Maman Biyu ta ji komai ta taga. Kafin magariba ƙanen ya shigo yana huci, muryarsa har gidana.

“Lauya, Yaya? A cikin gidana? Ni da na ba ki ɗaki, na biya asibiti, nake ciyar da ke? Abin da za ki saka min da shi ke nan?”

Gwaggo ta ce yadinta lauyar ta zo karɓa. Bai saurara ba. Ya ce sai an kira manya.

Aka kira Kawu, ƙanen mahaifiyarsu, tsoho mai sanda da kowa a dangin ke jin maganarsa. Aka shimfiɗa tabarmi a tsakar gida, ’yan uwa suka cika. Gwaggo ta ce in zo in zauna kusa da ita, na zo.

Ƙanen ya fara, ya maimaita nasa: ƙaddara, da mai gyara, da ɗawainiyar da ya yi. Matarsa ta maimaita nata: takalmi, da cewa ba wanda ya tilasta wa kowa. Ta ƙara da kuka, ta ce da ƙanƙarar nan take saya wa yara littafi, dole ce ta sa, ba son ranta ba. Wata ’yar uwa ta ce ita ma tata firizar tana ja, duk haka suke. Wani ya ce ai wutar ce ake kawowa da ƙarfi. Na buɗe baki zan faɗi abin da mai gyara ya gaya min, Kawu ya ɗaga hannu.

“Baiwar Allah, mun gode da ɗawainiya, amma wannan maganar gida ce.”

Ya juya ga Gwaggo, ya sassauta murya. “Ɗiyata, mun ji kowa. Ba wanda ya yi da gangan, ba wanda ya yi laifi. Tsautsayi ne. Kai kuma,” ya nuna ƙanen da sanda, “ka sai mata turmin zane, ka kyautata mata. Ke kuma ki ce kin yafe a gaban kowa, a rufe maganar, kar a sake jin sunan lauya a gidan nan.”

Kowa ya gyaɗa kai. Wasu har sun fara laluben takalmansu.

Gwaggo ta zare hannun daga cikin mayafi ta ɗora a gwiwa. Yawancinsu ranar suka fara ganin sa ba bandeji. Wata ta kawar da kai.

“Kawu,” ta ce, muryarta a kwance, “ni ban kira lauya ba, ba kuma zan kai ɗan uwana ko’ina ba. Zanen ma ya bar shi, ba na iya ɗaura na jikina sai an taimake ni. Yafiya kuma ba ta fi ƙarfina ba. Amma ka ce ba wanda ya yi laifi. Shi ya ce ba shi ba ne, ita ta ce ba ita ba ce. To wa zan yafe wa? A nuna min shi. Mutum ɗaya ya ce, Yaya, kin faɗa ban ji ba. Wallahi kafin ya rufe baki na yafe.”

Duk ido ya koma kan ƙanen. Ya dubi hannun, leɓensa ya buɗe. Na ɗauka zai faɗa. Kalma nawa ce? Sai matarsa ta taɓa gwiwarsa. Ya sunkuyar da kai, ya miƙe, ya kakkaɓe rigarsa.

“Na bar yaro shi kaɗai a shago,” ya ce. Ya fita.

Kawu ya dogara sandarsa ya tashi da ƙyar. “Ban san zuciyarki ta yi tauri haka ba, ɗiyata.”

A hanyar fita na ji matan suna magana ƙasa-ƙasa. An tara mata manya ta watsa musu ƙasa a ido. Mutum yana cin arzikin ƙanensa yana neman ya durƙusa masa. Ciwo ya taɓa mata hali.

Daga ranar ƙanen ya daina leƙowa. In ya zo wucewa ta bakin ɗakinta sai ya ɗaga waya ya kara a kunne. An hana yara shiga wajenta, wai kar ta sa musu ƙiyayyar ubansu. In dangi sun zo gidan, su wuce ciki kai tsaye, a dawowa su jefa mata sannu daga ƙofa. Labarin da ya zaga dangi, har waɗanda ke nesa, bai ƙunshi waya ko ruwa ko yatsu ba. Cewa ake yi akwai wata ’yar uwa da aka roƙa ta yafe ta ƙi.

Na ga masu ciwo da yawa a rayuwata, na san wasu raunukan ba su da wanda za a tuhuma. Wannan ba ya cikinsu. Shari’a ta tanadi suna ga abin da aka yi mata, ta tanadi amsa ga kowane uzurinsu, ta tanadi abin da za a biya ta. Amma duk wannan yana can, ita kuma tana nan, a ɗakin wanda za ta kai ƙara, tana jiran kwanon abincinsa. Ta sauke buƙatarta daga diyya zuwa jimla ɗaya, wadda ba za ta rage masa ko buhun siminti ba. Ita ma an ga ta yi tsada.

Har yanzu ina shiga da safe, in shafa mata mai, in ja yatsun nan uku ɗaya bayan ɗaya, su miƙe kaɗan, in saki su koma. Jiya ina cikin ja na gaya mata abin da ake faɗa a kanta, don na ga gara ta ji daga bakina. Na zaci za ta yi kuka. Sai ta jingina kai da bango ta lumshe ido.

“To madalla,” ta ce. “Dama nema ake yi. An samu mai laifin.”

Ta miƙo min hannun. “Ja na tsakiyar, Nas. Shi ne yake ɗan jin magana.”